Baba Ya Bayar, Mun Karɓa

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, Baba ma yana lafiya. Yaya ƙafarsa, kumburin ya sauka? Ni dai ina nan da raina a asibitin da ka sani, sai dai tun da aka rufe hanyoyi aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mai da ni ɗakin masu wannan cuta ta numfashi. Kwana ma a wani ɗaki nake yi cikin asibitin, ni kaɗai, don kada in kai wa mutane cuta.

Tunda ka ga dama ka daina ɗaga wayata, ga takarda. Direban da ke kai magani wajenku zai kawo maka, shi kaɗai ake bari ya wuce shinge. In ka so, ita ma ka cusa ta a murhu.

An rufe majami'u, an hana taro, na san dokar ta iso ku. Na kuma san ubana. Mutumin da ya binne matarsa ranar Asabar, Lahadi da safe ya sa riga ya tafi sujada, ba kwaɗo a ƙofar majami'a ne zai zaunar da shi ba. Tun kafin a haife ka shi ke ba da waƙa, shi ke zagawa da ƙoƙon jibin Ubangiji, yana ganin in bai je ba rufin zai faɗo. Kai kuma ba ka iya ce masa a'a ba. Saboda haka ka buɗe kunne. Kada ya fita. Kada kowa ya shiga ɗakinsa, ko Fasto ne da kansa. Gidan hayar nan naku famfo ɗaya ne, kusan kowa a ciki ɗan ikilisiyarmu ne, kuma ka san halinmu, ba mu iya gaisuwa ba sai mun kama hannu mun girgiza kamar za mu tafi da shi.

Ba tsoratar da kai nake yi ba. Tsofaffi sa'o'in Baba nake rufe wa ido a nan, kuma ba a barin 'ya'yansu su shigo. In wani abu ya same shi a hannunka, ni da kai ne.

Yayarka.

*

Yaya,

Na gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Ƙafar Baba ta sauka, ina gasa masa da ruwan ɗumi safe da yamma, ba sai an aiko mini da umarni daga nesa ba. Takardarki ta iso, kuma ban sa ta a murhu ba, gawayi bai yanke mana ba tukuna.

Kin ce na daina ɗaga waya. E, na daina. A waya ba gaisawa kike yi ba, zagayen marasa lafiya kike yi. Ya ci? Ya sha? Ka wanke hannu? Kafin in buɗe baki kin ce ana kiranki, ƙit, kin kashe. A takarda ko ba komai zan kai aya.

Kin san ubanki, in ji ki. Ubanki na da kika sani. Bari in ba ki labarin na yanzu. Lahadin farko da aka rufe majami'a ya tashi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya ɗaure takalmi, ya zauna a bakin gado da sanda a hannu. Na ce masa babu zuwa. Bai yi musu ba, da ma ya yi. Haka ya zauna har rana ta karkata. Daga ranar ya juya wa ƙofa baya. In na kai abinci sai ya ce in ajiye, in na dawo sai in tarar ƙuda ne suka ci. Shagona a rufe yake, na kwaso zarto da guduma na dawo da su ƙofar ɗaki, don haka duk abin nan a kan idona yake, ba labari ake kawo mini a mota ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Fasto kuwa kada ki damu da shi, dokar ta rutsa da shi a garin surukansa, yana can.

Amma Ubangiji bai bar mu ba. Lahadin da ta wuce mun yi zumunta a nan cikin gida. Baba ya bayar, mu kuma muka karɓa, babba da yaro. Har Maman 'Yan Biyu mai gawayi, da tarinta da komai, ita ma ta karɓa, ta ma fi kowa zaƙewa. Maƙwabcinmu Mai Guga ne kaɗai ya ƙi, ya tsaya yana mita wai za mu jawo wa gida masifa. Da aka gama, Baba ya cinye abincinsa tas ya nemi ƙari. Rabon da in ga haƙoransa tun Mama na da rai.

Ki ci gaba da aikinki, mu ma muna namu.

Ƙanenki.

*

Auta,

Gaisuwa. Ina fatan har yanzu kuna lafiya, ko da yake ban ga dalilin da zai sa ku kasance lafiya ba.

Na karanta takardarka a tsaye, sai da na nemi kujera. Kai, Auta! Kana da hankali kuwa? Jibin Ubangiji kuka ci a wannan lokaci? Baba ya bayar kun karɓa, har kana rubuto mini da alfahari? Na san ƙoƙon nan namu, guda ɗaya ne, daga wannan baki zuwa wancan, sai ɗan ƙyallen da ake shafa wa gefensa. Kuma ka ce da mai tari a cikinku. Sannan a ƙarshe wa ke shanye abin da ya rage? Baba. Tun muna yara haka yake yi.

Ina nan ina sa riga kan riga har gumi ya cika mini takalmi, tsumman rufe hanci ya yanka mini fuska, don in tsare iyayen wasu, kai kana can kana ɗura wa nawa uban cuta da hannunka. Wai ya ci abinci ya nemi ƙari! Su ma waɗanda ke kwance a gabana sun ci sun ƙoshi kafin numfashi ya gagare su.

Kada ka kawo mini zancen bangaskiya. Ni ma mai bi ce, ba a jiya aka yi mini baftisma ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma Allah bai ce mu gwada shi ba.

Ka amsa mini abu biyu, ban da surutu. Da ƙoƙo ɗaya ne? Kuma za ku sake?

Yayarka.

*

Malama Nas,

Gaisuwa cikin sunan wanda ya fi mu sanin komai, har ke. Baba lafiya lau, jiya ma da kansa ya aske gemunsa. Ni ma lafiya, hankalina kuma yana nan inda kika bar shi.

Madalla da karatu. Ashe haka ake karanta takarda a asibitinku, a tsaye, da gudu, a yanke hukunci kafin a kai ƙasa. Tun ina ƙarami haka kike. In tulu ya fashe, Auta ne. In akuya ta shiga ɗaki, Auta ne. Yanzu gemu ya fito mini, ni ke wanke wa Baba kayan da ba zan iya rubuta sunansu ba, amma har yau a wurinki ni ne yaron da ba a ba shi riƙon kwano. Yaushe rabonki da gidan nan? Kin san launin bargon da yake rufa da shi?

Kin ce in amsa abu biyu ban da surutu. To ga su. Baki ɗaya muka karɓa. Kuma za mu sake Lahadi mai zuwa, da wadda ke bin ta, in Ubangiji ya bar mu da rai. Yanzu har mutanen gidan da ke bayanmu sun ji labari suna so a sa da su.

In kina da wata tambaya, ki zo ki gani da idonki. Af, na manta, an rufe hanya.

Yaron nan mara hankali.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ina fatan Baba yana lafiya. Ni kaina ke ciwo, amma ba cutar ba ce, an gwada ni.

Ba zan biye maka ba. Ka zage ni yadda kake so, ka kira ni abin da ka ga dama, na ji na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙonka, ka dubi Allah ka tsai da wannan abu. Ka ɓoye ƙoƙon, ka ce ya ɓata, ka ce ni na hana, ya yi fushi da ni, ba komai.

Akwai wani tsoho da aka kawo mana, shi ma dattijon ikilisiya ne a inda ya fito. Yatsunsa irin na Baba ne sak, har da ƙumbar nan da ta karkace. Shekaranjiya ni na zare masa robar iska. Ban iya cin abinci ba tun lokacin.

Ka aiko mini da amsa ta hannun direba kafin Lahadi, ko layi ɗaya ne, ka ce kun bari. In ban ji daga gare ka ba, zan kira ma'aikatan lafiya na unguwarku in gaya musu abin da ake yi a gidan nan. Ba barazana ba ce. Gara ka tsane ni Baba yana numfashi.

Yayarka.

*

Auta,

Gaisuwa. Ban san ko kuna lafiya ba, tunda ba ka ga na isa a gaya mini ba.

Na jira. Na kira wayarka har na gaji, tana ta ringi ba ka ɗauka ba. Shiru ma amsa ce. Na kira su, na gaya musu an sha da ƙoƙo ɗaya tare da mai tari, kuma za a sake. Na roƙe su kada su faɗi sunana, ba don ina jin kunyar abin da na yi ba, sai don kada ran Baba ya ɓaci. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yayarka.

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Kin tambayi lafiya, to ga ta. An gwada mu duka, babu mai cutar ko mutum ɗaya. Tarin Maman 'Yan Biyu na ƙurar gawayi ne, shekara da shekaru tana yin sa, ke ma kin sani da kin tsaya kin yi tunani. Ƙafar Baba ta sake kumbura, ta fi da.

Takardunki biyu tare suka iso, jiya. An canja wa direban hanya, suna cikin aljihun motarsa duk tsawon lokacin nan. Wayata kuwa tana cikin akwatin ƙusa inda na jefa ta. Na karanta ta farkon, na karanta ta biyun. Ashe ke ce.

Waƙa, Yaya. Waƙa! Baba ya bayar, muka karɓa. Ke 'yar mai ba da waƙa ce, a cikin amshi kika girma, amma kika ji an ce bayarwa da karɓa sai hankalinki ya tafi kan ƙoƙo. Ƙoƙon yana kulle a majami'a tare da komai, wa ya ba mu shi? Ba wanda ya taka ɗakin Baba. Tagarsa na cire wa ƙusa na buɗe, na yi masa doguwar kujera don kansa ya kai. Kowa yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, tsakar gida fayau babu kowa sai famfo. Ya ɗauko waƙa daga taga, mu amsa daga ƙofofi. Mutanen gidan baya kuma ta kan katanga suke amsawa. Abin da kika kai ƙara ke nan.

Sun zo ana tsakiyar waƙa, da mota biyu, cikin fararen kaya, fuska a rufe. Babbansu ya ce an ba su labari daga majiya ta cikin gida. Na rantse, na nuna musu taga, na nuna ƙofofi, ya ce ba da ni zai yi shari'a ba, gwaji ne zai yi magana. Aka kwashe mu zuwa wata makaranta da aka mayar wurin killace mutane. Baba da farar rigarsa aka ɗaga shi aka sa a mota kamar buhu, takalminsa ɗaya ya faɗi a ƙofar gida. Aka raba maza da mata, aka raba tsofaffi da mu. Ta tagar aji nake hango shi zaune a kan tabarma, ba mai gasa masa ƙafa. Ke da kika ce kada kowa ya shiga ɗakinsa, kin sa ya kwana da baƙi cike da aji, wasu suna tari na gaske.

Da aka sake mu muka tarar an shafa jan fenti a ƙofar gida. Ruwan sama ya jiƙa gawayin Maman 'Yan Biyu gaba ɗaya, wanda bai jiƙe ba an sace. Yanzu ko allura muka fitar ba mai saye, in yaranmu sun fita sai a janye nasu.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ranar da suka zo, Mai Guga ya fita kai kayan wani, shi kaɗai ba a kwashe ba. Shi ne kuma da ma yake mita. Kin ga lissafin da mutane suka yi. Ba mai amsa gaisuwarsa. Matarsa sai ta leƙa ta ga ba kowa a famfo take fitowa ɗiban ruwa. An zuba masa toka a kan kayan da ya shanya. Ya yi ta rantsuwa har ya gaji ya yi shiru. Baba da kansa, wanda bai taɓa riƙe mutum a zuciya ba, Mai Guga ya gaishe shi ta taga ya kau da kai.

Lahadin da ta wuce Baba ya sa na ɗora shi a kujerar. Ya gyara murya ya bayar. Shiru. Ya sake bayarwa. Ƙofofi a rufe, kowa na tsoron kowa. Ni kaɗai na karɓa, sai ya ɗaga mini hannu ya ce in bari. Ya ce in mayar da ƙusoshin tagar. Tun ranar abinci ya koma na ƙuda.

Kin ce gara in tsane ki Baba yana numfashi. Yana numfashi. Sauran ma kin samu.

Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, na kashe Baba da kunya. In na yi shiru, bawan Allah yana ɗauke da kayanki a kansa. Ke kika ƙulla, ki gaya mini yadda za a kwance, tunda kin fi kowa sani.

Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ka duba mini ƙafar Baba, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, ka ɗora ta kan matashi ta fi ƙirjinsa tsawo. Ni ina nan.

Na karanta takardarka a zaune wannan karon, har ƙasa, sau da yawa. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Mama. Na yi kuskure, kuma kuskuren ya faɗa kan mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Ba zan ɓoye bayan komai ba.

Amma kai ma tsaya nan, kada ka wuce. Na tambaye ka da baƙaƙen da ko ɗan aji ɗaya zai karanta: da ƙoƙo ɗaya ne? Ka gane sarai abin da na fahimta. Kalma ɗaya ta ishe ka, ka ce waƙa ce. Me ka rubuto? Baki ɗaya muka karɓa. Ka zauna ka zaɓi maganar da za ta ƙara mini wuta, na tabbata har murmushi ka yi kana lasar ambulan. Kana wasa da ni kamar kyanwa da ɓera, ni kuwa ina nan ina ganin fuskar Baba a kan kowace gawa. Laifi tudu ne, ka taka naka kana hango nawa. Ni na kira su, amma kai ka miƙo mini wayar.

Ba don in rage nawa na faɗi wannan ba. Don ka san ba kai kaɗai ke da abin riƙewa ba.

Ka tambayi yadda za a kwance. Ba a kwance shi a ɓoye. Kunyar Baba ba ta kai a bar Mai Guga cikin wannan hali ba, kuma in Baba ya gano daga baya cewa ya kau da kai ga marar laifi saboda mun rufa wa kanmu asiri, wannan ne zai kashe shi. Ranar Lahadi ka tsaya a tsakar gida ka karanta musu wannan da ƙarfi, kada ka gyara ko kalma ɗaya:

"Jama'ar gidanmu, ni ce babbar 'yar Baba, wadda ke aikin asibiti. Ni na kira ma'aikatan lafiya. Na karanta takardar ƙanena na fahimce ta a karkace, na ɗauka jibi kuke ci da ƙoƙo ɗaya, tsoro ya rufe mini ido ban bincika ba. Mai Guga bai san komai ba. Duk abin da kuka yi masa, ni ya kamata ku yi wa. Ban ce ku yafe mini yau ba. Ina roƙonku dai kada ku hukunta Baba da shirunku."

In ba za ka iya ba, ka ba wani mai ƙarfin hali ya karanta.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ƙafar tana lotsawa, na ɗora ta kan matashi yadda kika ce, ta ɗan sauka. Ni lafiyata ƙalau.

Wai in ba wani mai ƙarfin hali. Ko a cikin tuba sai kin yi mini allura. To na karanta, ni da kaina.

Da hantsi na tsaya kusa da famfo na buga guduma a bokiti har ƙofofi suka buɗe. Na cire ƙusoshin tagar Baba ban nemi izininsa ba. Na karanta naki ban gyara komai ba. Da na kai ƙarshe na ninke takardar, ƙafafuna suna so su koma ɗaki, sai na ji bakina yana ci gaba. Na ce musu kin tambaye ni, na gane kin ɓata hanya, na ƙyale ki da gangan don in ƙona miki rai. Kada ki yi murna, ba don ke na faɗa ba. Idon Mai Guga ne ya hana ni tafiya.

Maman 'Yan Biyu ce ta fara magana. Ta ce, "Nas ɗin da na goya a bayan nan nawa? Ita ta sa aka kwashe ni kamar shara?" Ta faɗi wasu maganganu a kanki da kaina waɗanda ba zan rubuta ba, kuma ban ga laifinta ba. Wasu suka yi ta tsaki. Matar Mai Guga ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da zane tana kuka.

Can sai Baba ya ce in miƙo masa sanda. Na ce, Baba, ƙafarka. Ya kalle ni, na miƙa. Ya fito yana jan ƙafar, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya nesa kaɗan da ƙofar Mai Guga yadda doka ta ce. Ya cire hula. Sai ga Baba yana neman durƙusawa a gaban yaron da aka raɗa wa suna a kan cinyarsa.

Mai Guga ya ce, "Haba Baba, don Allah tashi, kada ka ɗora mini wani nauyin."

Baba ya ce, "Ka gaishe ni na kau da kai. Wannan ba 'yata ta yi ba, ba ɗana ba, ni na yi."

Mai Guga ya ce, "Ni nawa mai sauƙi ne. Matata ce take ɗiban ruwa kamar ɓarauniya a gidan da take biyan haya." Bai kuma ce ya yafe ba.

Baba ya ce, "Gaskiyarka. Yau ba ni zan bayar ba. Kai za ka bayar."

Mai Guga ya ce shi bai iya ba, bai taɓa yi ba. Baba ya ce zai jira. Ya kuwa tsaya a rana kan ƙafar nan, hula a hannu, har na fara jin haushin Mai Guga. Daga ƙarshe Mai Guga ya ɗauko wata waƙa, ya ɗauke ta can sama inda ba mai iya kaiwa, murya tana fashewa. Da wani lokaci ne da yara sun yi dariya. Baba ya karɓa, shi kaɗai, a ƙasa-ƙasa. Tunda nake ban taɓa jin muryarsa a cikin amshi ba. A baiti na biyu na shiga, sai wasu ƙofofi suka shiga, sai wata murya ta kan katanga. Ba duka ba. Maman 'Yan Biyu ta shige ɗaki ta banko ƙofa, har yau ba ta amsa gaisuwata. Jan fentin ma yana nan. Kada ki ɗauka komai ya koma daidai.

Baba ya ci abinci ranar, rabin kwano.

Duk yinin bai ambace ki ba, ni ma ban tayar ba. Na ce a raina shi ke nan, ya shafe ki, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, abin bai yi mini zafi ba. Da yamma ina gasa masa ƙafa sai ya ce, "Can inda take, su ma an rufe musu majami'a?"

Na ce ko'ina an rufe.

Ya ce, "A gidan da take akwai masu bi?"

Na ce ba a gida take kwana ba yanzu, a wani ɗaki ne cikin asibitin, ita kaɗai, saboda kada ta kai wa mutane cuta.

Sai ya ce, "To ranar Lahadi wa ke karɓa mata?"

Na ce ban sani ba.

Ya zare ƙafarsa daga hannuna. Ya ce, "Duk takardun nan da kake zama kana rubutawa, ba ka taɓa tambayarta ba?"

Na yi ta matse tsumma a cikin ruwan da ya riga ya huce. Bai sake ba ni ƙafar ba sai da na ɗauko biro a gabansa.

Ban huce ba, Yaya, kuma na san ke ma ba ki huce ba. Amma direba zai juya gobe da safe, ki ba shi amsa, ki rubuta ta dalla-dalla yadda ba wanda zai karanta a karkace. Tun da aka rufe hanya, a ɗakin nan da kike, wa ke karɓa miki?

Ƙanenki,
Auta.